Ryzen 5 5600 da RX 6600 a zafin Gombe: sharhi kan kwamfutar gem mai sauƙin kuɗi

Wannan haɗin ya ga hunturu ya ga bazara a ɗaki mai rufin kwano a Gombe, ba na'urar sanyaya ɗaki, sai fankar sama. Hukuncina shi ne ya ci kuɗinsa, ga wanda zai yi wasa a monita mai 1080p. Sharaɗi ɗaya ne: kada a tsuke hannu wajen kayan wuta don a ƙara wa katin hoto kuɗi. Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet na mutanen da wutarsu ba ta rawa ne, ɗakinsu kuma ba ya wuce digiri 25. Mu nan lissafinmu daban yake.

Kayan da ke ciki: furosesa Ryzen 5 5600, madabod ƙarami mai B550, RAM DDR4 mai gudun 3200 sanda biyu kowace 8GB, katin hoto Radeon RX 6600 mai 8GB, SSD irin NVMe mai 500GB, fawa saflai (akwatin da ke raba wa kayan wuta) mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, kesin mai raga a gaba, da monita inci 24. Farashin naira yana bin dala, na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba, don haka kason kuɗin ya fi amfani a riƙe: wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari ga katin hoto, sauran a raba. Ko a dala ma katin da furosesan sun sauko daga yadda suka fito, RX 6600 a dala 329 cikin Oktoban 2021, furosesan kuma a dala 199 a 2022.

Ta fuskar wasa ba ni da ƙorafi mai yawa. eFootball da EA Sports FC suna tafiya sumul a saiti mai kyau, GTA V ma haka, sama da firam (hoto) 60 a daƙiƙa ba tare da katin ya yi nishi ba. Sababbin wasanni masu nauyi sai an sauko da saiti daga na ƙoli zuwa na tsakiya, ko a kunna FSR, fasahar AMD da ke rage wa kati aiki don firam su ƙaru. Fasahar nan ta bibiyar haske da ake tallata sababbin katuna da ita, akwai ta a RX 6600 a takarda, amma da ka kunna firam za su zube, gara a bar ta a kashe. Furosesan yana da cibiya 6 da zare 12, kuma a irin wannan haɗi katin ne ke fara gajiya kafin shi, wanda haka ake so.

A kula da suna. 5600 daban, 5600G daban, 5500 daban, kuma wani mai shagon zai ce maka duk ɗaya ne. Mai G yana da ɗan katin hoto a cikinsa, amma ma'ajiyarsa ta L3 16MB ce, rabin ta 5600 mai 32MB, kuma hanyar da yake magana da kati da SSD ta tsaya a PCIe 3.0, ta 5600 kuwa ta fi sauri. Idan kuɗin kati bai cika ba tukuna, 5600G zai riƙe mutum ya fara da ƙananan wasanni. Idan kuwa da katin za a saya tun farko, marar G ya fi.

Yanzu batun wuta, inda ake asarar gaske. Katin yana jan wat 132, furosesan bai wuce 76 ba ko an matsa masa, in aka haɗa da sauran kaya da monita ana tsakanin 250 da 300 lokacin wasa. Wat 550 ya isa har da rara. Matsalar ba yawan wat ba ce, ingancin akwatin fawa saflai ne. Wanda ake bayarwa kyauta tare da kesin mai arha, marar nauyi a hannu, an rubuta 500W a jikinsa amma ba shi da wayar katin hoto mai haƙori 8, a ajiye shi gefe. Irinsu in sun mutu ba sa tafiya su kaɗai, sukan ja madabod ko kati.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne rubutun da ke gefen akwatin. Wani an rubuta 100 zuwa 240V, wani 200 zuwa 240V. A ƙa'ida wutar Najeriya 230V ce, amma duk wanda ya zauna a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje da yawa ya san yadda take saukowa da magariba, fanka na juyawa da ƙyar. Mai 200 zuwa 240 zai riƙa kashe kansa a irin wannan lokaci, mai shi ya yi ta zargin Windows. Mai 100 zuwa 240 bai ma san ana yi ba. Wanda ke cikin wannan kwamfutar mai 100 zuwa 240 ne, kuma shi ne abin da na fi yabawa a duk haɗin, ko da yake ba a ganinsa ta gilashi.

UPS ma akwai tarko. Lambar VA da ake rubutawa a jikinsa ba wat ba ce: mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, batirinsa kuma guda ɗaya ne ƙarami mai 12V. Da wannan kwamfutar tana tsakiyar wasa, 'yan mintuna zai ba ka, na adana wasa da kashewa kawai. Sannan masu arha ba sa fitar da wuta mai tsabta, kwaikwayo suke yi, wasu fawa saflai na zamani kuma ba sa jituwa da ita, da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu duk da UPS ɗin na ƙara. A gwada tun ranar saye: a buɗe wasa, a zare filogin UPS daga bango, a ga abin da zai faru. Mai inbata ta sola irin mai wuta tsantsa ya huta da wannan. Mai ƙaramin janareta kuwa ya bari injin ya daidaita kafin ya jona, ya kuma kashe kwamfutar kafin mai ya ƙare, don wannan shaƙewar da janareta ke yi a ƙarshe wuta ce ke hawa da sauka.

Idan ka taɓa ƙarfen kesin ka ji yana ɗan janka, ba lalacewa ya yi ba. Gidan ne ba shi da wayar ƙasa. Fawa saflai yana zubar da 'yar wuta kaɗan ta haƙori na uku na filogi, in babu inda za ta bi sai ta tsaya a jikin kesin. Maganin shi ne mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa da soket ɗin. Ba tare da ita ba, ko soket mai kariya daga tsallen wuta ba ya cikakken aiki. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare filogi gaba ɗaya.

Inda haɗin ya gaza min shi ne sanyaya furosesa. Fankar Wraith Stealth da AMD ke sakawa cikin kwali ta wadatar daga Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, sai zafin furosesan ya shiga tamanin da ɗoriya, fankar ta yi ta kuka, gudun kuma ya ɗan ja baya. Ba ya ƙonewa, yana rage wa kansa gudu ne kafin a kai can. Amma mai sanyaya irin tsaye, mai bututun tagulla 4 da fanka milimita 120, ba shi da tsada kuma bambancin a bayyane yake. A auna faɗin kesin kafin a saya, don irinsu sukan kai milimita 155 a tsayi, wani kesin murfinsa ba zai rufu ba. Wajen cire tsohuwar fankar, a kunna kwamfutar ta yi ɗumi tukuna, sannan a murɗa a hankali hagu da dama. In aka fizge ta da sanyi, man da ake shafawa tsakanin fanka da furosesa, wanda ya bushe, yakan fito da furosesan daga soket, kuma a AM4, wato soket ɗin wannan furosesan, haƙoran a jikin furosesa suke, siraran gaske.

Katin shi bai damu da zafin ba sosai. Manhajar Adrenalin ta AMD tana nuna lambobin zafi biyu, ta gefe da ta wuri mafi zafi, ta biyun takan fi ta farko da digiri goma ko fiye, iyakarta kuma 110. Fankokinsa suna tsayawa cak idan ba a wasa, haka aka yi su, ba mutuwa suka yi ba. A bazara na fi son a kashe wannan saitin su riƙa juyawa a hankali.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta da magani sai shara. Fanka biyu a gaba masu shigo da iska ta bayan raga, ɗaya a baya mai fitarwa. In masu shigowa suka fi yawa, iska ce ke fita ta ƙananan ramuka, ba ƙura ke shiga ba. A ɗaga kesin daga ƙasa a ɗora kan tebur. Ragar gaba, a tsakiyar hazo, cikin mako biyu za ka ga ta koma ja kamar an barbaɗa mata garin bulo, a cire a kakkaɓe. In za a busa ciki da injin hura iska, a riƙe fuka-fukan fanka da yatsa kada su yi ta juyawa a banza. Wannan busasshiyar iskar ita ce kuma ke tara wa jiki lantarki, don haka mai haɗa kaya a hunturu kada ya zauna kan kafet, ya riƙa taɓa ƙarfe kafin ya ɗauki RAM.

Haɗawar kanta sukundireba ɗaya mai kan giciye ta isa. Furosesa, RAM da SSD a saka su tun madabod yana kan kwalinsa. Alamar kusurwa uku ta furosesa ta dace da ta soket, ya faɗa da kansa, in sai an danna to an juya shi. RAM biyu a madabod mai rami 4 suna shiga na biyu da na huɗu daga furosesa, ba kusa da juna ba, in ba haka ba rabin hanya za su yi aiki da ita. Ƙananan ginshiƙan da ake ɗaura madabod a kai su zama daidai da ramukansa, ƙari guda a inda babu rami zai iya haɗa wuta ta baya. Wayar furosesa mai haƙori 8 da ta katin hoto suna kama, amma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne: mai rabewa 4 da 4 ta furosesa ce, mai 6 da 2 ta kati.

In an kunna, fanka na juyawa, allo baƙi, kafin a fara salati a duba abu biyu. Wayar HDMI a jikin katin hoto take, ko a madabod? 5600 ba ya fitar da hoto da kansa. Na biyu, BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. Madabod B450, har da B550 na farkon fitowa a 2020, in ya daɗe a shago zai iya zama bai san wannan furosesan ba sai an sabunta shi. Wasu suna da maɓalli a baya da ake yin hakan da filas ko babu furosesa, waɗanda ba su da shi a sa mai sayarwa ya yi kafin ya turo. Kuma kada a taɓa sabunta BIOS kan wutar gari kai tsaye, in ta ɗauke a tsakiya an shiga uku. Bayan nan, a cikin BIOS a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, wanda ASUS ke kira DOCP, don RAM mai 3200 yakan fara ne a 2133 ko 2400. A kunna saitin tsaro na fTPM da Secure Boot saboda Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, wasan Valorant ma ba ya buɗewa a 11 sai da su. Monita mai 144Hz shi ma yakan zauna a 60 har sai an canza a saitin Windows.

SSD mai 500GB ya yi kaɗan, wannan kam na faɗa kai tsaye. Abin da Windows ke nunawa 465 ne, ita kanta ta ci nata, manyan wasanni kuma wasu sun haura 100GB kowanne. Da tsadar data, goge wasa don a sake sauke shi daga baya ba ƙaramar asara ba ce, 1TB ya fi sauƙi a ƙarshe. Wanda ya sayi wasa a Steam, manhajar sayar da wasanni, zai iya kwafo fayilolinsa daga kwamfutar aboki da hadis na waje, Steam ya tantance su ya sauke ɗan abin da ya rage.

Kati na hannu ba laifi ba ne, amma RX 580 mai 8GB da ta cika kasuwa a yi hattara da ita. Ta 2017 ce, tana jan wat 185, kuma da yawa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana kafin a daina a Satumban 2022. Akwai kuma mai suna 2048SP, wadda ƙarfinta na RX 570 ne. Ta ainihi, manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati za ta nuna 2304 maimakon 2048. Kowane kati na hannu a sa shi a FurMark, manhajar gwajin kati, minti 15 zuwa 20 a gaban mai shi, a duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su fito a allo, ko zai mutu.

Keyboard da linzami da wayoyi ana samu a cikin gari, amma furosesa da kati yawanci daga Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Kano ake turo su a mota. A nemi bidiyon kayan yana aiki tare da lambar jikinsa kafin a tura kuɗi, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa ne na gwaji, daga ranar da kaya ya iso tasha za a fara ƙirga ba ranar da ya bar shago ba. In kwamfutar a haɗe za a turo ta, a ce su cire katin hoto da dogon mai sanyaya su naɗe daban, don nauyinsu a ramukan hanya yana iya tsaga ramin da ke riƙe da katin.