.com ko .ng: wanne za ka saya wa shafinka?

Kusan duk wanda ya zo in buɗe masa shafin intanet, da mun gama maganar suna sai ya jefo tambayar nan: "To a ƙarshe me za mu saka, .com ko .ng? Wanne Google ya fi so?" Amsata ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, domin wutsiyar adireshi ita kaɗai ba ta ɗaga shafi sama. Aikinta shi ne ta nuna wa Google mutanen da kake nema. Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, zauna ka lissafa inda masu sayenka suke.

Wutsiyoyin kashi biyu ne. Akwai na ƙasa masu haruffa biyu: .ng ta Najeriya wadda ƙungiyar NiRA ke kula da ita, .ne ta Nijar, .gh ta Gana, .td ta Cadi. Sai na kowa da kowa irin su .com da .org da .net, waɗanda suke nan tun 1985. Google na ɗaukar wutsiyar ƙasa a matsayin babbar alama cewa shafin na mutanen wannan ƙasar ne. Mai sayar da kilishi da ke aika kaya Abuja da Legas kawai, .com.ng, wadda reshe ce ta .ng, ta ishe shi, har ma ta taimake shi. Haka Jumia ta yi, kowace ƙasa da adireshinta, na Najeriya jumia.com.ng. Konga kuwa .com ta riƙe, kuma ba wanda ya rasa hanyar zuwa wurinta.

Inda nake jan kunnen mutanenmu shi ne kasuwar Bahaushe ba ta san iyaka ba. Wani ɗan Kantin Kwari ya taɓa zuwa wurina ya riga ya yanke shawarar .ng, wai kishin ƙasa. Na ce ya buɗe WhatsApp ɗinsa mu duba lambobin da suka fi damunsa da odar shadda da atamfa. Muna ta gangarawa, +227 sai ƙaruwa take, Maraɗi da Damagaram, ga +235 na Injamena jefi-jefi. Ya yi dariya ya ce ashe rabin cinikinsa da sefa ake lissafa shi. Irin wannan .com ce tasa, don ba ta ɗaure shi da ƙasa ɗaya a idon Google. Haka ma mai shafin labarai ko wa'azi ko girke-girke da Hausa, wanda masu karatunsa suka bazu daga Zangon Kumasi har Sudan.

Kada dai a zuzuta abin. Sashen Hausa na RFI yana kan rfi.fr/ha, wutsiyar Faransa ke nan, amma ɗan Gusau na samunsa a bincike ba wahala. Harshen da aka yi rubutu da shi, da ingancin abin da ke ciki, da sauran shafukan da ke saka mahaɗin da ke kawo mutane shafinka, sun fi wutsiya nauyi nesa ba kusa ba. Tun 2017 ma Google ya koma duba inda mai bincike yake tsaye wajen zaɓo masa sakamako. Mai gyaran waya a Farm Centre da ke son a gan shi, rajistar shagonsa a Google Business Profile, wato wurin da Google ke nuna bayanan shaguna, da hoto da lambar waya da lokacin buɗewa, za ta fi kawo masa mutane a kan duk wata wutsiya.

Sai batun aljihu. Da dala ake farashin .com, sarinta kaɗai a hannun Verisign, kamfanin da ke kula da ita, ya ɗan haura dala 10 a shekara, kafin dillali ya ɗora ribarsa. Wanda ya sabunta tasa bayan faɗuwar naira a 2023 ya ji a jikinsa. .com.ng da naira ake biya kuma ta fi araha. .ng zalla ta fi ta tsada, sai dai gajeruwa ce mai daɗin faɗa a rediyo, kamar legit.ng da jiji.ng. Kuma sunaye masu kyau a .com an daɗe da kwashe su, a .ng kuwa har yanzu ana dace. Ko wacce za ka saya, tambayi kuɗin sabuntawa, don rangwamen shekarar farko sau da yawa tarko ne.

Wasu wutsiyoyin suna ruɗa mutane. .co ta Kolombiya ce, .tv ta tsibirin Tuvalu, .ai ta Anguilla, amma Google na lissafa su cikin na kowa da kowa saboda yadda duniya ta karɓe su. Matsalar .co a nan ita ce in ka faɗa wa mutum a waya, yatsansa da kansa zai ƙara "m". Ita ma .cm ta Kamaru wannan kamannin ne ya sa 'yan damfara suka daɗe suna fakewa da ita.

In kana da hali, sayi biyun, ka zauna a kan ɗaya, ɗayar a saita ta tana tura mutane can da turawar dindindin da masu sana'ar ke kira 301. Kada ka zuba abu iri ɗaya a shafi biyu suna kishi da juna. Kuma ka tsaya a kan a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka. Wata hajiya mai turaren wuta ta rasa adireshin da ta shekara uku tana bugawa a jikin kwalabenta, saboda yaron da ya buɗe mata da nasa imel ya yi, ya canza layi, lokacin sabuntawa ya wuce ba ta sani ba. Sai da muka sayi sabon suna, ta sake buga sitika dubu.