Besfa ko roba-roba: duba inda aka ƙera kafin ka duba suna

Sunan da ke jikin babur ba shi ke faɗa maka ƙasar da ya fito ba. Vespa ta Italiya ce, kamfanin Piaggio ya fara ƙera ta a Pontedera a 1946, amma yau yana da masana'anta a Biyetnam tun 2009, da wata a Baramati ta Indiya tun 2012. Wannan yawo ya daɗe. Kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera Vespa da lasisi a shekarun 1960, yarjejeniyar ta ƙare, sai ya fito da nasa babur, Chetak, a 1972. A wannan shekarar gwamnatin Indiya ta saye injinan ƙera Lambretta, wani babur na Italiya mai kama da Vespa, daga Milan ta kai su Lucknow.

To, wanne za ka ɗauka?

In kana son abin da zai tsufa a hannunka, Vespa ce. Jikinta ƙarfe ne guda da aka lanƙwasa, shi ne kuma ƙashin bayanta. Tana riƙe daraja, amma ranar da ta faɗi ta loɓa, sai ka nemi mai bugun ƙarfe, kuma kayan gyaranta ba su da arha. Ban ga dalilin raina ta Biyetnam ba. Kamfani ɗaya ne, zane ɗaya.

Na Jafan kuwa, da yawansu ba a Jafan ake haɗa su ba. Honda Activa a Indiya ake yin ta tun 2001, Yamaha NMAX a Indonesiya. Jikinsu roba ce a kan firam, ba sauya giya, bel ne ke ja. In murfi ya fashe ka kwance ka ɗaura sabo. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum, nan zan sa kuɗina. Kymco da SYM na Taiwan ma ba baya ba.

Na Sin sai an buɗe ido. Da yawansu injin GY6 suke ɗauke da shi, wanda aka kwaikwayo daga Honda, don haka kowane bakanike ya san cikinsa. Inda ake samun matsala shi ne wayoyin wuta da ingancin roba, musamman na kamfanonin da ba su da dila tsayayye.

Kafin ka biya, durƙusa ka karanta lambar jikin babur ɗin, mai haruffa da lambobi 17. In ta fara da L, daga Sin yake, J, Jafan, ZAP, Piaggio na Italiya. Sannan ka tambayi mai sayarwa inda za ka samu bel da birkinsa.