Marsandi W211 a gaban na'urar gwajin VIO: inda take faɗuwa

Mercedes-Benz E-Class ƙirar W211, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, mota ce mai daɗin doguwar tafiya, kuma injinta yakan jure aiki fiye da yadda ake zato. Amma ranar sabunta takardar ingancin mota a cibiyar VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, da ke gwaji da kwamfuta, ba injin ne ke kunyata mai ita ba. Robobin ƙafa, birki da fitilun gargaɗi su ne matsalar.

Ƙafar gaba ita ce ta farko. Kowace taya na riƙe da hannuwa da yawa, ga nauyin inji a kansu, ga ramukan titi. Bol-joyin na ƙasa yana saurin lalacewa, musamman idan robar da ke rufe shi ta yage, ƙura ta cakuɗu da giris. Bushin babban hannun da ke tare taya lokacin taka birki kuwa akwai ruwa a cikinsa. Da ya tsage sai ruwan ya tsiyaye, ya bar baƙin tabo a jikin ƙarfen. Alamarsa ita ce ƙaran "gum" idan an taka birki a hankali, da rawar sitiyari. A kan titi ana iya haƙuri da shi wata da watanni, amma da zarar na'urar girgiza ta kama tayar, asiri ya tonu. A canza hagu da dama tare. Kuskuren da makanikai da yawa ke yi shi ne ɗaure notin bushi motar na rataye a kan jak. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta murɗe, sabon bushi ya yage cikin ɗan lokaci. Bayan nan a saita ƙafa. A kuma haska sifirin na gaba da tocila, domin yakan karye a zoben ƙarshe na ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Birki shi ne ya raba wannan ƙira gida biyu. Waɗanda aka yi kafin gyaran fuska na 2006, wato sabunta ƙirar da kamfanin ya yi, suna da tsarin SBC, inda famfon lantarki ke matsa man birki maimakon ƙarfin ƙafar direba. Kwamfutar tana ƙirga yawan takun birki, idan ya kai iyakar da aka sa sai saƙon gargaɗi ya fito a allo, fari da farko, ja idan abin ya yi tsanani. Motar da ke nuna jan saƙon birki ba ta da ta cewa a wurin gwaji. Akwai masu goge ƙirgen da kwamfuta su ce an gyara, alhali famfon yana nan da tsufansa. Idan ya mutu, birkin tayoyin gaba kaɗai ke saura, shi ma sai an danna da ƙarfin gaske. Wani abin lura ga makanike: a kashe tsarin kafin a taɓa birkin, domin buɗe ƙofa kawai yana tayar da famfon, fistan ya matso ya datse yatsa. Fitar da iska daga man ma sai da kwamfutar da ta san wannan tsari. Kamfanin da kansa ya daina sa SBC a wannan ƙira daga 2006, don haka ga mai neman saye, wadda ta fito bayan gyaran fuska ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Birkin ajiye mota da ƙafa ake taka shi, kuma mai giya otomatik ba kasafai yake tunawa da shi ba. Rashin amfani ke sa waya ta cije, ƙananan takalman da ke cikin faifan baya su daina kamawa daidai. Ana saita su ta ramin notin taya da sukuddireba. Aikin rabin awa ne, amma yana kayar da motoci masu ƙoshin lafiya.

Fitilar SRS, ta jakar iskar kariya lokacin hatsari, yawanci tabarmar da ke gane nauyin fasinja a kujerar gaba ce ta karye, ko filogin waya a ƙarƙashin kujera ya saki. Fitilar ESP kuma, ta tsarin da ke hana mota zamewa, sau da yawa ɗan makunnin da ke kan fedar birki ne, kaya mai araha. Cire kwan fitilar ba dabara ba ce: mai gwaji yana duba ko ta kama da aka murɗa makulli, sannan ta mutu.

Sai hayaƙi. Motoci da dama an riga an sace ko an sayar da "indomin" salansarsu, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi, tun kafin su iso hannun mai su. Ba tare da shi ba gubar hayaƙin takan haura, fitilar inji ta zauna daram. E320 mai injin M112 filogi 12 gare ta, biyu a kowace silinda, kuma canza shida a bar shida yana kawo gargada. A E350 ta farko-farko mai injin M272, lambar kuskure P0016 ko P0017 tana iya nufin haƙoran sandar daidaita inji sun cinye, aikin da sai an sauke inji.

Gilashin fitilun gaba roba ne, rana tana mayar da shi ruwan ɗorawa har haske ya watse. A goge da takardar yashi mai laushi da ruwa, a bi da man ƙyalli, sannan a fesa abin kariya daga rana, in ba haka ba ya koma yadda yake kafin damina ta zagayo.

Taya kada zanenta ya gaza milimita 1.6. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Notin taya a ɗaure shi a 130 Nm. Mai E500 kuwa, wadda ke zaune a kan balan-balan ɗin iska maimakon sifirin, ya kwanar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri ya auna tsayin kowace kusurwa da safe. Wadda ta durƙusa, balan-balan ɗin iskarta ne ke yoyo, kuma jinkirin canza shi yana ƙona kwamfuresa.