Majestic da Dreadnought: igwa iri ɗaya, me ya raba su?

Wani ɗan'uwa a zaure ya yi tambaya: tunda jiragen ruwan yaƙin Birtaniya HMS Majestic na 1895 da HMS Dreadnought na 1906 duk igwa mai inci 12 suke ɗauke da ita, me ya sa ake cewa na biyun ya mayar da na farkon tsohon yayi, alhali shekara goma sha ɗaya kawai ke tsakaninsu?

Malam, ka lura da abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Faɗin bakin igwar ɗaya ne, harsashin ma nauyinsa ɗaya, kusan kilo 386. Bambancin yana wajen yawan manyan igwogin, da yadda ake auna nisa da su, da kuma injin.

Majestic, wanda Sir William White ya zana, su tara ne aka ƙera a zubi ɗaya. Tsawonsa mita 128, nauyinsa wajen tan 15,000. Manyan igwogi huɗu gare shi, biyu a gaba biyu a baya, kowane biyu cikin ɗakin ƙarfe mai juyawa. Sai matsakaita masu inci 6 guda goma sha biyu, shida kowane gefe, harsashinsu kilo 45. Dreadnought kuwa, zanen ofishin Philip Watts, tsawonsa mita 160 da ɗoriya, nauyinsa tan 18,000 da 'yan kai. Manyan igwogi goma ne cikin ɗakuna biyar, babu matsakaiciya ko ɗaya. Uku daga ɗakunan suna kan tsakiyar jirgi, biyu a haƙarƙari hagu da dama, don haka takwas ne ke iya fuskantar gefe ɗaya. Takwas a kan huɗu, ninki ke nan.

Me ya sa White ya jera masu inci 6? Saboda a zamaninsa ana sa ran za a gwabza ne a kusa, tazarar da ba ta wuce kilomita biyu ba. A irin wannan tazara igwa mai saurin harbi ita ce mai cin kasuwa, tana ruwan wuta a saman jirgin abokin gaba kafin babbar ta sake shiri. Babbar ta Majestic ma akwai jinkiri: a bakwai daga cikin taran, ɗakin igwar sai ya juyo ya daidaita da tsawon jirgi kafin a ɗaga harsashi daga rumbu a cusa, sannan a sake juyawa a nemo abokin gaba. Caesar da Illustrious, na ƙarshen zubin, su ne aka gyara musu yadda za a ɗura ta kowace fuska.

Daga baya tazarar yaƙi ta buɗe. Tofido, makamin da ke tafiya a cikin ruwa ya fashe a jikin jirgi, ya ƙara nisan tafiya, matsawa kusa ya zama ganganci. Kyaftin Percy Scott ya nuna a kan HMS Scylla a 1899 cewa da horo da madubin saiti ana iya samun abin hari fiye da yadda aka saba sau da yawa. John Fisher, wanda daga baya ya shugabanci sojan ruwan Birtaniya ya sa aka ƙera Dreadnought, lokacin da yake riƙe da rundunar Bahar Rum daga 1899 zuwa 1902, ya matsa a riƙa gwajin harbi daga nesa. Yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 ya zo ya ƙara ƙarfafa masu wannan ra'ayi.

A nan ne asalin maganar take. Harbi daga nesa ba a yinsa da idon mai igwa shi kaɗai. Na'urar auna nisa tana ba da ƙiyasi, a saita igwogi duka a kan wannan adadi, a saki rabinsu lokaci guda. Wani hafsa a can saman hasumiyar hange yana jiran inda ruwa zai yi tsiri. Idan duk sun faɗi kafin jirgin, a ƙara nisa. Idan sun wuce, a rage rabin abin da aka ƙara. Haka har wasu su faɗi gaba wasu baya, alamar an sa shi a tsakiya. Aikin yana son harsashi aƙalla huɗu a kowane saki, domin da guda biyu ba ka sanin kuskuren na awo ne ko na igwa ɗaya ce. Dreadnought yana sakin huɗu, ɗaya daga kowane ɗaki, sauran huɗun na shiri. Majestic in ya raba nasa, bibbiyu za su fita. Jiragen da suka zo tsakaninsu, irin King Edward VII da Lord Nelson, sun ƙara dagula lissafi da igwa mai inci 9.2: daga nesa tsirin ruwanta da na mai inci 12 kusan kamanninsu ɗaya, hafsan sai ya gyara wa wannan da kuskuren waccan.

Inji kuma. Na Majestic mai fistin ne, tururi na bi ta silinda uku a jere, farfela biyu, gudunsa wajen kilomita 30 a awa. Matsalar irin wannan inji, duk bakanike ya sani: ƙarfe mai nauyi yana hawa da sauka, jirgi na karkarwa, boris na ɗaukar zafi har a riƙa kwara masa ruwa, kuma in aka daɗe a cikakken gudu wani abu sai ya saki. Dreadnought shi ne babban jirgin yaƙi na farko da aka sa wa injin tabain na Charles Parsons, wanda tururi ke juya shi kai tsaye ba hawa ba sauka. Tukunyar tururi 18, farfela huɗu, gudu kilomita 39 a awa, kuma yana iya riƙe gudu na kwanaki. Aibin tabain shi ne ba ya juyawa baya, sai an sa masa wani daban na ribas, kuma a tafiyar hankali yana cin kwal.

Sulke ba sai mun daɗe a kai ba: inci 9 na ƙarfen Harvey a haƙarƙarin Majestic, inci 11 na ƙarfen Krupp a inda ya fi kauri a haƙarƙarin Dreadnought.

Kada dai a ɗauka Dreadnought ba shi da tabo. An kafa ƙashin bayansa a Portsmouth ranar 2 ga Oktoba 1905, aka tura shi ruwa 10 ga Fabrairu 1906, kuma wannan sauri da Fisher ke alfahari da shi akwai dabara a ciki, domin ɗakunan igwar da aka tanada wa Lord Nelson da Agamemnon aka karkato masa. Hasumiyar hangensa mai ƙafa uku an dasa ta a bayan bututun hayaƙi na gaba, sai hayaƙi da zafi su turnuƙe hafsan da duk tsarin harbin ya dogara da idonsa. A ganinmu wannan ne babban kuskuren zanen. In an cika shi da kwal maƙil, mafi kaurin sulken yana nutsewa ƙarƙashin ruwa. Ƙananan igwoginsa masu inci 3 sun yi kaɗan ga jiragen tofido da ke ƙara girma, shi ya sa jiragen baya suka koma inci 4, har zubin Iron Duke ya dawo da inci 6 ɗin da aka raina.

A 1915 kowannensu ya gamu da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus. Ranar 18 ga Maris Dreadnought ya banke U-29 na Otto Weddigen da goshinsa ya nutsar da shi. Ranar 27 ga Mayu kuma U-21 na Otto Hersing ya harbi Majestic da tofido yana tsaye a gaɓar Cape Helles a mashigin Dardanelles na Turkiyya, ya kife cikin mintuna kaɗan. Dreadnought bai halarci babban yaƙin teku na Jutland na 1916 ba, aka sayar da shi ga masu fasa ƙarfe a 1921.