Wata 14 da allon zane: abin da ya saukake min da abin da ya kwace

Shekara goma sha wani abu ina zana manya da tumbinsu ina sayar wa jaridun barkwanci na Yamai, kuma duk tsawon lokacin da biro, tawadar China da farar takarda nake yi. Bara ne wani ƙanena da ke saro kaya a Kano ya taho min da allon zane na kwamfuta ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Jaka 35 na ba shi har da kuɗin mota. Abokan sana'a biyu sun tambaye ni ko su saya, shi ya sa na ce bari in faɗa a fili.

Allon baƙi ne, faɗinsa bai kai faranti ba, inci 10 a kan 6, kuma ba shi da gilashin da ke nuna hoto. Hannunka yana ƙasa a kan allo, idonka yana sama a kan kwamfuta. Makon farko na raina kaina. Na zauna zana wani mai babbar riga, hular ta tafi gefe ta bar kan a tsirara, kunne ɗaya ya sauka a kafaɗa. Uwargida ta leƙo da kwanon fura ta ce, "Malam, wannan aljani ne ko minista?" Sai da na yi kusan kwana 20 ina jan da'ira da layuka kamar ɗan lakwal kafin hannu da ido su sasanta.

Alƙalamin ba ya son batir, ba a kuma yi masa caji, wannan kam na yaba. A jikin kwalin an rubuta cewa yana gane nauyin hannu har mataki 8192. Ni dai ban ƙirga ba, amma in na danna layi yana kauri, in na sassauta ya sirance, kusan yadda buroshi ke yi. Da Krita nake aiki, manhaja ce ta kyauta, ba a biyan ko dala. Allon yana kuma shiga waya ta ƴar mahaɗar OTG, wadda ke haɗa igiyarsa da bakin cajin waya, kuma wannan ne ya cece ni a watan Afrilu, lokacin da wuta ke tafiya ta manta hanyar dawowa. Duk wanda ya zauna Maradi a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ya san darajar abin da ke aiki da batirin waya. A ƙaramin gilashi ba a jin daɗin zane, amma aiki yana fita.

A da, in na gama zane sai in hau kabu-kabu daga unguwar Ali Ɗan Tsoho, nan Maradi, zuwa shagon intanet kusa da babbar kasuwa, in jira layi, a ɗauki hoton takardar da na'ura, ta fito da ɗigon ƙura kamar an watsa mata gero. Yanzu ina gamawa na tura ta WhatsApp ina zaune a kan tabarma. Abu ɗaya: a tura shi a matsayin fayil, wato "document", ba hoto ba, in ba haka ba a matse shi layukan su dagule. Kuma a saita zane a kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tun farko. Toka-toka kuwa a guje ta, domin takardar jarida shanye ta take yi ta koma laka. Baƙi da fari kawai.

Inda allon ya fi biyana shi ne daren da edita ya kira. Duk mai wannan sana'a ya san kiran: ƙarfe goma na dare, murya a ƙasa, "Malam, don Allah a ɗan rage masa hanci, kuma a cire tutar da ke jikin motar." A zamanin takarda, sake zane ke nan daga farko. Yanzu manhajar tana jera zane shimfiɗa-shimfiɗa, ɗaya bisa ɗaya: hanci yana shimfiɗarsa daban, mota daban, rubutun bakinsa daban. Minti biyar na gyara. Kiran nan kuwa ya ƙaru, ba raguwa ya yi ba. Tun tarzomar Janairun 2015 a Damagaram da Yamai kan zanen wata mujallar Faransa, mutane suka fara kallon mai zanen barkwanci da wutsiyar ido, ko da kuwa bai taɓa zana komai ba sai ramukan titi da tsadar shinkafa. Sannan a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet. Abin yana ba ni mamaki a ƙasar da Bagobiri zai tsare Bazabarme a tasha ya yi masa tatas, kowa ya yi dariya a watse lafiya, har UNESCO ta sa wasan nan namu cikin gadon duniya a 2014. Amma dai wanda ke biyan kuɗin bugu shi ke da ta cewa.

To ga ƙorafina, kuma ba da na'urar kaɗai nake ba. Akwai maɓallin da ke soke layin da ka ja. Ni'ima ce, amma tana cin zuciyar hannu. A takarda, in ka tsoma alƙalami ka ja leɓen mutum, shi ke nan, dole ka tsaya a kansa, kuma sau da yawa wannan layin na farko shi ne ke kama mutum. A allo sai na tsinci kaina ina jan gira ɗaya sau 30. Na kai wani zane fadarmu da yamma, ana dafa shayi, na miƙa wayar ga wani dattijo da ya san aikina tun ina zane a bangon shaguna. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Yaro, ya yi kyau. Amma wane ne?" Kofin shayin nan ban ji zaƙinsa ba. Mutumin da na zana kowa a garin nan ya san tafiyarsa, na goge shi na gyara har ya zama kowa. Tun ranar na koma fara zane da fensir a takarda, cikin minti biyu, in ɗauki hotonsa, sannan in bi sawunsa a allo.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Ƙurar hunturu tana cin bakin alƙalamin kamar gara. Guda takwas ya zo da su, saura uku, kuma na zaga kasuwa ban samu ba, sai dai a yi saƙo Kano. Bakin igiyar ya fara rawa a wata na tara, yanzu da robar ɗaure kuɗi nake tallafe shi. Zufar hannu tana sa tafi ya manne, sai na yanke yatsu uku na tsohuwar safar hannu na sa.

Kuɗin zane bai ƙaru ba don na sayi allo, kuma har gobe sai na bi wata jarida da kira sau uku kafin saƙo ya shigo. Abin da na daina kashewa a takarda, tawada da kabu-kabu ne ya maido min jakunkunana cikin wata biyar. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, ya saya. Ɗan yayana da ke naci in bar masa nawa kuwa, littafin zane na saya masa da fensir biyu, na ce ya cika shi da fuskokin masu sayar da rake tukuna.