Gargaɗi ga masu kiwon dodon koɗi: babu wata allurar rigakafi, ku riƙe kuɗinku

Jama'a, duk mai dodon koɗi a gida, ko na yara ne a cikin kwando ko na kasuwa ne a keji, ya yi hattara. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa wasu suka bazu a rukunonin masu kiwo na WhatsApp da Facebook suna kiran kansu likitocin dodon koɗi. Sai su sa hoton wanda ya shige kwansonsa, bakin kwanson ya toshe da wani farin ɓawo, su ce annoba ce ta ɓullo mai kashe keji guda a mako. Daga nan su bi ka ta saƙon sirri: "Oga, turo hoton naka a duba maka kyauta." Kana turawa za a ce maka ai sun riga sun kamu, ka hanzarta tura kuɗin allura da garin ƙara girma, za a sako maka a mota daga kudu. Wasu ba su ƙara jin ɗuriyar mutumin ba. Waɗanda kayan ya iso musu kuwa, 'yar kwalba ce babu suna babu lambar NAFDAC, da wani gari a leda.

Wannan farin ɓawon ba cuta ba ne. Idan iska ta bushe, dodon koɗi yakan ja jikinsa ciki, ya rufe ƙofa da yauƙinsa wanda ke bushewa ya yi tauri, don kada ruwan jikinsa ya tsere. Haka yake kwana a daji duk rani har ruwa ya sauka. A nan arewa, inda hunturu ke busar da komai, kusan duk wanda bai kula da laima ba zai ga nasa sun yi haka, kuma masu damfarar sun sani, shi ya sa suka zaɓi wannan lokaci. Ka jiƙa ƙasar kejin, ka yayyafa musu ruwa mai ɗan ɗumi wanda ya kwana a bokiti, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Mai rai zai ture murfin ya leƙo, galibi da dare. Wanda ya mutu ba ya buƙatar likita ya faɗa maka, warinsa kaɗai ya isa.

Batun allura kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Rigakafi yana aiki ne a jikin kaza ko akuya ko mutum saboda jininsu yana haɗa garkuwar da ke tuna ƙwayar cuta. Dodon koɗi ba shi da irin wannan tsari, don haka babu rigakafinsa a kasuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin na kaji da shanu da tumaki, ba ta yin na dodon koɗi. To shi wannan da ko adireshi ba ya bayarwa, a ina ya samo nasa? Soka allura a wannan jiki mai laushi ma rauni ne kawai za ta yi masa.

Garin shi ya fi ba ni tsoro, don ba ka san abin da aka kwaɓa ba. Gishiri kaɗan yana halaka dodon koɗi, haka maganin ƙwari. Ko fiya-fiyar da ake fesa wa sauro a ɗaki tana iya gamawa da su. Abin da kwansonsu ke nema shi ne kalsiyam, kuma yana nan a kicin ɗinku: a wanke ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa kan ganyen gwanda ko kabewa ko kokwamba. Kada a ba su ragowar abinci mai gishiri. A kwashe ruɓaɓɓen ganye kullum da safe, a tsare kejin daga tururuwa da kwarkwasa da ɓera. Yawancin asarar masu kiwo daga nan take fitowa.

Akwai ƙaramar dabara da suke haɗawa da ita, wai su sayar maka da "namiji da mace" a farashi na musamman. Kowane ɗaya daga cikin manyan dodon koɗin Afirka yana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace a jiki guda, duk biyun da suka balaga za su iya haɗuwa su yi ƙwai.

Sai babban tarkon: ka biya kuɗin rajista, su kuma za su saye duk abin da ka kiwata a kai Amurka da rai. Amurka ta haramta shigar da su da rai saboda ɓarnar amfanin gona da cutar da suke iya ɗauka. A 2014 jami'an kwastam sun kama guda 67 a filin jirgin Los Angeles, daga Legas aka turo su, kuma ƙone su aka yi. Jihar Florida sai da ta shafe shekara goma, daga 2011 zuwa 2021, tana yaƙi da waɗanda suka yaɗu a yankin Miami.

Cutar da ta kamata ku damu da ita, wadda waɗannan likitocin bogi ba sa ambata, ta ɗan Adam ce. Dodon koɗi na iya ɗaukar wata tsutsa da ke fitowa daga huhun ɓera, wadda kan haddasa nau'in sanƙarau idan ta shiga cikin mutum. Yaro ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa, kada ya kai baki, mai ci kuma ya dafa sosai.

Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, kamar kwanso ya tsage ko jiki ya zazzago waje ya kasa komawa, ka ɗauki dabbar ka je asibitin dabbobi na jiharka ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Likitan gaske yana da rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, ka tambaye shi lambarsa. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya ajiye rasit da hoton hirar, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda tun kafin a goge shafin. Garin nan kuma kada a ce bari a zuba wa kaji don kada a yi asara.