Tarin fuka a ido, ni kuwa ko tari ba na yi: yadda asibiti ya yi da ni

Ni tela ce, idona shi ne jarina. Da idon hagu ya fara ja, rana na sukarsa, wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a gabana, apolo na ɗauka. Wata uku ina ɗiga maganin kemis, ya lafa ya dawo. Sai da sa zare a allura ya gagare ni na tafi asibitin ido.

Likitar ta ɗiga min maganin buɗe ƙwayar ido, ta leƙa da na'ura mai siririn haske, ta ce kumburin can ciki yake. Ta tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa tarin fuka. Na ce, "Likita, ni ko tari ba na yi." Ta ce, "Hajiya, ƙwayar cutar kan bi jini ta sauka a ido, ƙirji kuma shiru." Sai na tuna jinyar kakarmu da na yi shekarun baya.

An yi min allurar gwaji a fatar hannu, aka ce in dawo bayan kwana 2 zuwa 3. Wurin ya tashi ya yi tauri. Hoton ƙirji bai nuna komai ba, kaki kuma babu balle a kai gwajin GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tarin fuka. Abin da ya sa na yarda da likitar, ba ta ɓoye min cewa da wuya a kama ƙwayar a cikin ido ba. Alamomi ake haɗawa bayan an kore sauran cututtuka. Gwaje-gwajen sun ci kuɗi, amma maganin a sashen DOTS, na masu tarin fuka, kyauta ne.

Wata 2 na farko magani huɗu a ƙwaya ɗaya: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, da sassafe kafin karin kumallo. Bayan nan aka bar ni da biyun farko, ga kuma maganin ɗigawa na kumburi. Fitsari ya koma ja kamar manja, amma an riga an gaya min.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. Mai ba da magani bai ce min uffan ba kan cewa ethambutol na iya taɓa jijiyar gani, mutum ya kasa bambance ja da kore. Mai ciwon ido fa, kuma mai zaɓen zare! Likitar ido ce ta sanar da ni, take gwada ni duk zuwa da littafin nan mai lambobi cikin ɗigo-ɗigon launi. Sassan biyu ba sa magana da juna, ni nake yawo da takardu tsakaninsu, ga layi tun asuba.

Ƙudajen nan ba su tafi duka ba, biyu sun ƙi barina. Amma ɗinkin Sallar bana ni na yi shi da kaina.